Awo Biyu a Lautoka

Shekara talatin da ɗaya Baba na saran rake
a gonakin bayan Lautoka,
har ɗan jirgin da ke jan dami zuwa injin
ya san tarinsa.
Suga ya ciyar da mu, ya biya kuɗin makaranta,
daga baya ya shiga jininsa karɓar bashi.
Bara ya tafi da ƙafar hagu, daga gwiwa.

Ran Talata na tura kekensa cikin asibiti.
Takarda ta fito da saba'in da takwas.
Ya ɗaga ta sama kamar rasit ɗin kaka:
"Kin gani, Sarojni? Ƙodar Bisun Deo garau take.
Mu tafi, hadari ya haɗo."

Dakta Mereoni ba ta tanka ba tukuna.
Ta danna yatsa a idon sawun da ya rage,
ramin ya zauna, ya ƙi tashi.
Ta kama damtsen da ya saba cira dami biyu,
yatsunta suka kusa zagaye shi.
"Fitsarin fa, yana kumfa?"
Baba ya dubi silin. Ni na amsa,
ni ke zubar da gwangwanin da asuba.

Ta ce lambar nan kintace ce.
Tsoka ke zubar da datti cikin jini,
ƙoda ta tace, mu auna ragowar,
in kaɗan ne mu yabi rariya.
Amma gidan da aka daina girki
rashin toka ba shaidar tsintsiya ba ne.
Lissafin ya san shekarunka, ya san namiji ne kai,
bai san ka bar ƙafa a ɗakin tiyata ba.
Mutumin da yake aunawa
yana can gona da adda a hannu.

Aka sake jan jini don wani awon
da babu ruwansa da tsoka, sistatin sunansa.
Kwalbar ta hau mota zuwa Suva.
Fitsarin safe ya shiga 'yar roba mai jan murfi.

Kwana tara.
Arba'in da ɗaya.

Baba ya yi shiru har shayinsa ya huce.
Can ya ce ya san irin wannan:
sikelin da ya yi maka ƙari ranar awo,
ranar biya zai zare abinsa.

Dakta ta rage ƙwaya ɗaya, ta ƙara wata,
ta hana shi maganin ciwon bayan da yake saye a kanti,
ta kalle ni kan maganar gishiri.

A hanyar gida ana ƙona gona,
hayaƙi mai zaƙi ya cika motar.
Takardu biyu a cinyarsa.
"Ta farko ta fi daɗin karatu," ya ce,
ya ba ni in naɗe ɓawon gyaɗa.
Ta biyun ya ninke sau huɗu
ya sa a aljihun gaba,
inda yake ajiye kuɗin mota.