Ɗan Kamashon Na'urori

Ƙarfe biyun dare a ɗakin sanyi, bayan Kabuga,
janareta na tari, daga ni sai korayen fitilu.
Na'ura arba'in a nan, sittin a Zariya,
wasu can Sakkwato, igiya ɗaya ta ɗaure su,
ana raba musu lissafin damina:
yaushe ruwa zai sauka a Dawakin Tofa, nawa zai zuba.

Gayya ce.
Ita kuwa gayya ba ta tsoron yawan hannu,
tsoronta a rasa mai cewa: kai, ga kunyarka.

Babana Tanimu shekara talatin yana kamasho a Unguwa Uku.
Ba biro, ba takarda.
Ya san motar da ta rage mutum biyu,
ya san direban da ya ce "yanzu zan dawo"
alhali tuwo ya tafi ci a Tarauni.
Mota goma, kansa ya isa.
Ran da suka kai ɗari, wani jajibirin sallah,
na gan shi yana tura tsohuwa da buhunta
wajen motar da ta tashi tun ɗazu.

Haka rajistata ta yi a daren nan.
Tambaya dubu a daƙiƙa: wa ke zaune, wa ke da fili?
Tana amsawa, amma amsar ta kwana.
Ta ce na Zariya suna hutu,
ashe an ɗauke musu wuta tun minti bakwai.
Aiki ya je ya yi sallama, shiru,
ya dawo ya bi layi,
layi ya yi wutsiya har waje.

Sagir a waya, murya duk barci:
"A sayo babbar na'ura kawai."
Na ce ko an ba Baba kai biyu, tashar ta fi shi baki.

Sai na tuna abin da ya yi.
Ya kira yara huɗu: kai Kaduna, kai Jos, kai Bauchi, kai sauran.
"Kada wanda ya zo min da labari sai in abu ya canza."
Ya koma benci yana ɓare gyaɗa.

Na tsaga rajistar gida huɗu.
Na zauna. Shayina ya yi fata.
Layin ya fara zaizayewa kamar gishiri a ruwa.

Assalatu daga masallacin Rijiyar Zaki.
Fitila ɗaya ta Sakkwato har yanzu ja ce; a bar ta, za ta farka.

Har ya rasu, Baba cewa yake talabijin nake gyarawa.
Ban taɓa gaya masa
sana'arsa na gada ba.