Ina Zan Sa Waya?

Ta farko a aljihun gaba na sa ta,
daidai inda zuciya ke bugawa.
Na sunkuya jan guga da asuba,
sai na ji cuɓul, kuma ba kwaɗo ba ne.
Da lambobin dangi kaf, da katin ɗari biyu,
har gobe tana can ƙasan rijiya.

Ta biyu na ba aljihun gefe amana.
Ran Lahadi na sauka Gujungu da buhun riɗi,
a layin 'yan awaki aka matse ni.
Wani yaro mai ladabi ya ce, "Sannu, Baba,"
har da kakkaɓe mini riga.
Sai da na zo biyan kuɗin mota
na zura hannu, yatsuna suka leƙo ta ƙasa.
Reza ta bi aljihun ta tsakiya.

Tabawa ba ta ce uffan ba,
ta dai ci gaba da tuƙa tuwo tana dariya.
Ita tata na cikin lalita,
ƙarƙashin zane biyu da ƙulli uku,
shekara shida ko ƙwarzane babu.
Sai dai in an kira, kafin ta kwance,
mai kiran ya gaji ya koma kwanciya.

Ta uku da kuɗin shinkafar rani na saya.
Na ce ke kam sai bisa kai.
Na tura ta cikin hula, na danne,
nan ɓarawo sai ya yi tsalle.
Ran Juma'a, ina sahu na biyu,
liman na tsakar karatu,
sai kaina ya ɗauki kiɗan kalangu.
Na yi ruku'u, hula ta kama gabanta,
waya ta gangara ƙafar Mai Unguwa tana rawa.
Ban tsaya addu'a ba, na sulale don kunya.

Samari suka ce, "A hannu ake riƙewa, Baba."
To, wane hannun?
Ɗaya na fartanya, ɗaya na igiyar akuya.
Mai wannan shawara bai taɓa shiga fadama ba,
laka har gwiwa, ga dashe na jira,
ga jan-baki sun taso garke guda
kana jifa kana ihu kana waiwaya.

Ba don Balaraba ba da na haƙura.
Tana can Kurna, ta shiga watanta.
Na farkon bai zo da rai ba,
muka ji labari bayan kwana biyu
a bakin direba, a gefen hanya.
Mijinta ya ce wannan karon zai kira
ko da tsakar dare ne, ko da wace irin magana.

Sai na je gun Mati baduku.
Ya auna ta da ɗan yatsa, ya yanko jar fata,
ya ɗinke baki uku, ya bar ɗaya,
ya murza igiya mai kauri, ya ce rataya.
Na sa leda ciki saboda damina,
na zura ta ƙarƙashin riga daga wuya.
A majalisa aka ce, "Sambo ya yi sabuwar laya."
Na ce ƙwarai, ta kiranye ce,
ku bar ni da abina.

Ran Talata da hantsi ina dashe
ƙirjina ya kama kaɗawa.
Na tsaya cak. Zuciya ce ko waya?
Na goge laka a wando, na goge a riga,
hannu na rawa, leda ta ƙi buɗuwa.
"Baba, mace ce. Duk suna lafiya."
Can bayan muryarsa wani ɗan kuka siriri,
na ce kar ka kashe, bar kuɗin su ƙare.

Da na mayar da ita sai na lura
inda ta farkon ta zauna nan wannan ta sauka.
Na sake sunkuyawa kan dashena,
ta yi lilo bisa ruwan fadama,
ta leƙa, ta dawo ta bugi ƙirjina.
Igiyar Mati ba ta yi ƙarya ba.