Murjanin Inna da Maraƙin Mbodu

Tasalla ta dawo Bol hutu,
gishirin wata ƙasa ya dafe mata fata.
Daren farko ta ciro murjanin Inna daga adudu,
ta ɗaga shi gaban fitila, ta ce,
"Baba, wannan fa dabba ce."

Na yi dariya har na ƙware.
Shekara arba'in ina ganinsa a wuyan uwata,
ja wur, bai taɓa neman ruwa ba,
ko tari ban ji ya yi ba.

Ta ce danginsa na can ƙasan teku,
sun gina gari, ɗaki bisa ɗaki.
Wani mai rassa kamar ƙahon barewa,
wani a baje kamar faifan da aka manta a tsakar gida.
Ba su da ƙafar zuwa zance.
Sau ɗaya a shekara, in wata ya cika ya soma ragewa,
sai kowa ya saki ƙwai da iri lokaci guda,
ɗigo-ɗigo su yi ta hawa sama
kamar yayyafin da ya ɓata hanya.

"Amma ruwan ya ɗau zafi, Baba.
Suna yin fari fat, su mutu a tsaye.
Waɗanda suka rage sun yi wa juna nisa.
Ƙwan mai ƙaho ya nemi nasa ya rasa,
sai ya karɓi irin mai faifai.
Ɗan da aka samu ba wannan ba ne, ba wancan ba,
amma na gan shi da idona a bakin gaɓa,
inda zafi ya kori iyayensa duka biyu."

Ban tanka ba.
Da asuba na tashe ta, muka kwance kwalekwale
zuwa tsibirin Mbodu.

Kakan Mbodu ya bar shanun Kuri ɗari uku,
farare, ƙahonsu a kumbure kamar gora,
masu ratsa tafki da hanci a sama.
Yau sha ɗaya gare shi, duk mata.
Bijimin ƙarshe ya kwanta bara waccan.
Da rani makiyaya suka gangaro daga arewa
da jajayen shanu masu tozo,
kuma saniya ba ta tambayar asali.

Ga maraƙin nan ɗaure a gindin kanya:
tozo kamar dunƙulen fura,
jiki fari da dabbare-dabbaren ja,
ƙahon da bai san inda za shi ba tukuna.
Wata bakwai, Mbodu bai raɗa masa suna ba.

"Ke da kika yi karatu," in ji shi,
"wannan tsira ce, ko mutuwa ce mai kunya,
wadda ke shigowa da sallama?"

Tasalla ta daɗe tana murza igiyar.
Ta ce su ma can gardamar ke nan.
Wasu na cewa gada ce,
wasu na cewa ɗan zai haɗiye uwarsa.
Ta ce ita dai ƙirga su take yi kowace shekara,
ba ta kai ga hukunci ba.

Hantsi ya yi, garken ya faɗa ruwa.
Mbodu ya kwance maraƙin ba tare da ya dube shi ba.
Ya yi turus a bakin laka, ya yi kuka sau biyu,
sannan ya bi uwarsa.
Ya fi sauran nutsewa, ruwa har kunne,
yana fesarwa, yana karkata.
Muka yi shiru mu uku
har ƙafarsa ta taɓa ƙasa a wancan hayi.

Mbodu ya tofar da goro, ya ce, "Hmm."

A hanyar dawowa, sanda ta kafe mana sau huɗu
inda ubana ke jefa taru da can bai taɓa ƙasa ba.
Shi Bahaushen Damagaram ne, Inna 'yar Kanembu,
ban taɓa tambayar wanne cikinsu ya ƙare a jikina ba.

Tasalla na zaune a goshin jirgi,
murjanin a wuyanta,
ta sa hannu cikin ruwan tana jin ɗuminsa.