Farin Kwano

A Ben Tre, watan da teku ke hawowa kogi
ya kai gishiri har gindin kwakwa,
jarkoki sun ja layi tun asuba
a ƙofar rumfar tace ruwan Inna Tham.

Jiya aka sauke sabon gawayi, buhu shida,
ɓawon kwakwar garinmu ne aka ƙona,
aka gasa da tururi
har kowace ƙwaya ta koma saƙar zuma.
Shi ke tare kilorin da wari
kafin ruwa ya kai ga tantani.
Sai dai mai gadin ma da nasa halin:
yana tafe da gari, baƙi wuluk, mai laushin kwalli.

Na ce, "Inna, mu kunna mana, jama'a na jira."
Ko ɗagowa ba ta yi ba.
Da baki ta nuna mini bango
inda tsohon tantani ke rataye, an farke cikinsa,
naɗinsa kamar tabarma, duk ya yi toka-toka.
"Saurin Khiem ne, bara.
Mako uku allurar ma'auni na hawa,
inji na nishi, famfo na ɗiga kamar kyautar marowaci.
Babur ɗina ne ya biya."

Don haka gawayi ya kwana a jiƙe.
Da safe muka koro ruwa ta ƙasan tanki,
ƙwayoyi suka tashi, suka gogi juna,
bututun zubarwa ya amayo tawada.
Muka rufe. Ya lafa. Muka sake.

A waje tsoho Lanh yana buga jarka:
shinkafarsa, wai, ba ta san haƙuri ba.

Kowane zagaye Inna takan tara farin kwano.
Baƙi. Ruwan toka. Dishi-dishi.
A na shida na rantse ya yi garau.
Ta karkata kwanon wajen rana,
ga ɗigo uku a gindi, suna iyo abinsu.
Muka sake.

Kafin inji ta ɗaura sabuwar matata,
fara sol, doguwa kamar kyandir,
ta kama ɓarawon da ya tsere wa wanki.
Ta rubuta kwanan wata a jikinta.

Sai da rana ta take inji ya ɗauka,
allura ta tsaya cak inda aka san ta.
Inna ta dubi tafinta, zanen hannu duk ya cika da baƙi,
ta ja da baya daga bakin famfo.
"Kai ka cika wa Lanh," in ji ta.
"Ni ban wanku ba tukuna."