Babban Yatsan Kaka

A Belém ruwan sama ba ya saɓa alkawari.
Ƙarfe uku ya sauko, kasuwa ta lafa,
na rufe kwandon kifi, na zauna.
Sai ga Cauã, jikana, riga sharkaf,
ya miƙo waya: "Kaka, ara mini yatsanki."

Yatsan da ƙayar kifi ta cinye zanensa,
sai na danna sau uku kafin wayar ta shaida ni.

Ban yi nisa a karatu ba, amma launi ba ya ɓace mini.
Malamarsu, Iracilda, ta zana mini su
a bayan takardar burodi:
kore na kowa ne, har mai rarrafe,
shuɗi sai an cika goma,
rawaya sha biyu, ruwan lemo sha huɗu, ja sha shida,
baƙi kuwa sai wanda ya mallaki hankalin kansa.
Ta ce jini ake aunawa, da ashar, da tsiraici, da ƙwaya,
a ɗora a sikeli, a faɗi lamba,
yadda nake yi wa kifina.

Wannan manhajar rawaya ce.
"Saura wata huɗu fa, Kaka!"
Na ce wata huɗun ma wata ne,
matsa mangwaro ba ya sa shi nuna.
Ya kumbura kamar fanke a mai,
ya koma wa koren wasansa na kiwon agwagi.

Ni ina shekara takwas aka damƙa mini wuƙa,
ba wanda ya manna lamba a ƙotarta.
Ga tabon nan.
Don haka ban raina mai manna lambar ba.

Amma daren Talata,
daga cikin ragar da yake kwana,
na ji murya mai kauri, muryar mai gemu,
tana fitowa daga tsakiyar agwagin nan:
"Wace makaranta kake? Wa ke gida yanzu?"
Na diro ba takalmi.
Na ce, "Ni ke gida."
Shiru.

Da safe Iracilda ta gyara tabarau,
ta nuna wani rubutu ƙarƙashin koren,
ƙanana kamar ƙwan kifi:
masu wasa na iya magana da juna,
akwai saye a ciki.
Ashe kayan ɗakin aka auna,
ba a auna mai shigowa ta taga ba.

Mun toshe tagar.
Yanzu in ruwa ya sauko
tare muke kiwon agwagin, kafaɗa da kafaɗa.
Nawa kullum sai sun ɓace a rafi,
yana dariya har da riƙe ciki.

Jiya na ga ya ja layi a jikin kalanda.
Saura wata uku da kwana tara.
Bai san ni ma ina ƙirgawa ba,
da wannan yatsan da ba ya son a gane shi.