Kofi Sittin da Uku

Littafi ya kasa mini hanyoyin gida-gida:
ta magani, ta zance, ta zama cikin 'yan'uwa,
da ta rage ɓarna in hanawa ta faskara.
Na haddace, na ja jan layi ƙarƙashin kowace.
Sai ga Laraba, bakwai saura kwata,
raɓa ta lulluɓe kogin Douro,
farar mota ta tsaya a gindin gada.
Graciete ta zuge taga, ta dube ni:
"Telmo, ajiye biro. Riƙe kofi."

Ɗan kofin roba ne, bai kai na shayi ba,
metadon a ciki, kowa da awonsa.
Layi ya miƙe har shagon mai burodi.
Ga mai fenti a gwiwar wando,
ga mai jakar ofis yana ƙirga duwatsun titi,
ga Idalina mai gyaran kifi a kasuwa,
hannunta na ƙarnin sardin da sabulu.
Ta shanye, ta goge baki, ta duba agogo.
"Wata goma sha ɗaya ban taɓa allura ba.
Kada ka tafa mini, yaro. Kifi na jira."

Jiya a aji an yi ta ja-in-ja.
Wani ya ce an kwance igiya ne an ɗaura igiya.
Wata ta ce sai mai rai ke sake shawara,
gawa ba ta zuwa zaman Alhamis.
Ni dai ban ɗaga hannu ba.

Custódio ya ɓace kwana tara.
Yau ga shi, leɓe a fashe, riga a baibai.
Na cika bakina da faɗa, na shirya furzarwa,
Graciete ta taka mini ƙafa.
"Sannu da zuwa. Ka karya kuwa?
Jikinka ya manta awonsa na da,
daga ƙasa za mu sake farawa.
Likita zai gan ka ƙarfe goma."
Ba ta ce ina ka shiga ba.
Shi ya faɗa da kansa, bayan ya cinye burodin.

Can tsallake, a Gaia, rumbunan giya ne,
nan ubana ya mirgina ganga shekara ashirin,
har ganga ta koma mirgina shi.
Mun tuttular a kwata, mun ɓoye mabuɗi,
mun yi kuka, mun yi gori, mun kulle ƙofa.
Daren da ya rantse ya daina a take,
jikinsa ya kama ɓari, yana korar ƙwari daga bango,
muka zaci tubar ce ke aikinta.
Ba wanda ya ce mana wannan daren na asibiti ne.
Sai a shafi na tamanin na karanta,
bayan shekara shida da rufe shi.

Da yamma, kujeru tara a zagaye,
a ɗakin ƙasa na tsohuwar majami'a.
Darasin yau shi ne yin shiru,
da tambayar da ba ta da ƙugiya a baki.
Na ce wa wani yaro, "Me take ba ka?"
Ya daɗe yana murza hula.
Ya ce, "Barci."
Na so in ba shi amsa, na haɗiye.
Can ya ƙara: "Da can ina buga ƙwallo."

Ran Litinin jarrabawa za ta ce,
wace hanya ta fi? Kawo hujja.
Ban san me zan cika takarda da shi ba.
Na dai san mun jera kofi sittin da uku,
sittin da biyu sun shiga kwandon shara.
Graciete ta rubuta sunan a tafin hannunta,
ta ɗauki lema, ta ce in kulle motar,
ta gangara wajen tsohon layin dogo.
Na kulle. Na bi bayanta.