Kaskon Rana

A ƙauyenmu, gabas da Leh, itace ya fi man shanu tsada,
shi ya sa Meme Phuntsog ke dafa shayinsa da rana.
Kasko ne mai ƙyalli a saman rufi,
baki a sama, ƙafafu uku na ƙarfe,
da buta a tsakiya mai gindi baƙi ƙirin.

Saura kwana tara jarrabawa.
Na hau da littafi, yatsuna sun sandare,
na zauna gefen 'ya'yan culi da aka shanya.
Ya ce, Yangdol, me ke sa ki haɗa gira?
Na ce, A sau x sau x, da B sau x, da C.
Ya ce, Wannan addu'ar a wane ɗakin ibada ake yin ta?

Na ce, Ba addu'a ba ce, lanƙwasa ce.
In A ya fi sifiri, sai ta buɗe baki sama
kamar kaskon nan naka.
In ya gaza sifiri, sai ta kife.
Bai ce komai ba. Ya tsotse culi guda,
ya wurga ƙwallon ta kan katanga.
Muka bi shi da ido:
ya hau, ya hau, ya ɗan yi jim kamar mai tuna wani abu,
ya sauko cikin gonar sha'ir.
Ya ce, Wannan ce kifaffiyar?
Na ce, Ita ce.

Inda ya yi jim ɗin, ƙololuwa ke nan, guda ɗaya tak.
Ka tsaga layi ta nan, dama da hagu tagwaye ne,
abin da hawa ya ci, shi sauka za ta biya.
Meme ya shafa gwiwarsa.
Ya ce, Da rarrafe na fara hawa tsanin nan,
jiya ma da rarrafe na hau.
Ya yi dariya, haƙoransa biyu suka leƙo.
Ni ban yi ba.

Na juya shafi da sauri.
Akwai saiwoyi, na ce, inda lanƙwasa ke taɓa ƙasa.
B sau B, ka ɗebe huɗu sau A sau C:
in saura ya fi sifiri, sau biyu za ta ratsa ƙasa,
in sifiri ne cif, sumba ɗaya ta wuce,
in kuwa bashi ya rage,
ba za su taɓa haɗuwa ba har abada.
Malam Angchuk ya ce a nan ɗalibai ke faɗuwa.
Ni ma nan nake tsoro:
lissafin da ba shi da saiwa, me zan rubuta masa?

Iska ta taso daga kogin Indus,
tutocin addu'a suka yi ta kaɗawa.
Can ƙasa shanun dutse na jan gashinsu cikin ƙura.
Meme ya nuna kaskon da haɓa.
Ya ce, Duba ƙarƙashinsa. Ya taɓa rufi?
Na leƙa. Tsakaninsu kamu biyu, har kyanwa na barci a wurin.
Ya ce, To ga naki marar saiwa,
shekara goma sha ɗaya bai taɓa ƙasa ba,
kuma duk hasken da ya faɗo masa
wuri ɗaya yake aika shi.

Murfin buta ya fara rawa.

Ya zuba gishiri, ya yanko man shanu da babban yatsa,
ya miƙo min kofin katako mai tsaguwa a baki.
Na rubuta a gefen shafi, da ƙaramin rubutu
don kada Malam ya gani:
babu saiwa, amma ruwa ya tafasa.